Gundumar Bladen: wane ne mai sunan, kuma me ya haɗa shi da wurin?

Sani_Direba: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu sanin tarihin Amurka. Ni direban babbar mota ne a jihar Karolina ta Arewa, kuma kusan kowane mako sai na bi hanya mai lamba 87 daga Fayetteville zuwa tashar jiragen ruwa ta Wilmington. A tsakani akwai wata gunduma, abin da su suke kira county, sunanta Bladen. Ƙauye ne sosai: gonakin gyaɗa da masara, dazuzzuka, coci nan coci can, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga bene ba. Jiya na tsaya shan mai kusa da Elizabethtown na tambayi dattijon da ke wurin ko wane ne Bladen. Ya ce a nan aka haife shi, ya haura saba'in, amma iyakar abin da ya sani shi ne wani Bature ne na Ingila. Abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya mutum zai tsufa a ƙasa bai san mai sunanta ba? Kuma in da gaske mutumin bai taɓa zama a wurin ba, me ya sa har yau ba su sauya ba?

Malam_Habu_Tarihi: Wa alaikumus salam Malam Sani. Dattijon bai yi kuskure ba, sai dai ya taƙaita. Sunan mutumin Martin Bladen. An haife shi a 1680, ya rasu a 1746. Soja ne da farko, ya yi yaƙi a Turai har ya kai muƙamin kanar, daga baya ya shiga majalisar dokokin Birtaniya ya daɗe a ciki. Abin da ya haɗa shi da Karolina shi ne kujerar da ya samu a 1717 a hukumar da ke kula da ciniki da ƙasashen da Ingila ta mallaka a ƙetare. A Landan hukumar take zama. Ita take karanta rahoton gwamnoni, ita take duba dokokin da majalisun yankunan suka yi ta ba da shawarar a amince ko a soke, ita take tsara umarnin da ake ba sabon gwamna. Ya riƙe kujerar kusan shekara 29, har mutuwarsa. An ce saboda yadda yake ɗaukar aikin da gaske alhali sauran abokan aikinsa suna sakaci, har raba sunan hukumar, wato Hukumar Ciniki, aka yi gida biyu, ana kiransa shi kaɗai "Ciniki", sauran kuma "Hukuma". To a 1734 aka yanke wannan yanki daga gundumar New Hanover aka sa masa sunansa.

Sani_Direba: Allah ya ƙara sani Malam. Wato dai neman fada ne.

Malam_Habu_Tarihi: Kusan haka. Ka tuna a 1729 ne sarkin Ingila ya saye Karolina daga hannun manyan masu sarautar da aka ba su ita tun 1663. Daga nan duk wata buƙata ta mutanen yankin sai ta bi ta teburin su Bladen. Wanda takardarka za ta kwana a hannunsa, ai ba ka so ya manta da kai. A shekarar dai, 1734, aka kafa Onslow, ita kuma sunan kakakin majalisar Birtaniya na lokacin ne, Arthur Onslow.

Hajiya_Rabi_Raleigh: Ni abin da ya fi ba ni mamaki da na fara jin labarin Bladen shi ne girmanta na farko. Yarana sun yi shi a makaranta. Suna kiranta uwar gundumomi, don ana cewa 55 daga cikin gundumomi 100 na jihar duk daga ƙasarta ta asali suka fito. Ko yanzu da aka gama yayyanka ta tana cikin mafi faɗi a jihar, ta haura murabba'in kilomita 2,200, amma ƙidayar 2020 ba ta samu mutum 30,000 cikakku a cikinta ba.

Ɗan_Gwammaja: Hajiya 55 fa? Anya ba a yi ƙari ba?

Malam_Habu_Tarihi: Ɗan Gwammaja, ba wai kai tsaye aka ciro 55 daga jikinta ba. 'Ya'ya ne da jikoki da tattaɓa kunne. Lokacin da aka kafa ta ba a ja mata iyaka ta yamma ba, don su kansu masu mulkin ba su san inda ƙasar ta ƙare ba. A 1750 aka yanke Anson daga yammacinta, ita Anson ta haifi Rowan da Mecklenburg inda birnin Charlotte yake, su ma suka yi ta haihuwa. A 1752 ta ba da wani sashe aka haɗa Orange. A 1754 Cumberland, inda Fayetteville take. Sai Brunswick a 1764, Robeson a 1787, Columbus a 1808. In ka bi salsalar haka za ka ga lissafin ya taru.

Ummu_Khalil: Ina karantawa ina jiran in ji an ambaci mutanen da aka tarar a wurin, har yanzu shiru. Malam Habu ka ce ba a ja iyakar yamma ba don ba su san inda ƙasar ta ƙare ba. Ai akwai waɗanda suka sani sarai, masu ƙasar. Kafin wani Bladen akwai mutanen Waccamaw da waɗanda Turawa suka kira Indiyawan Cape Fear a bakin kogin Cape Fear da ya ratsa gundumar. Yaƙin Tuscarora da aka fara a 1711 da na Yamasee a 1715, haɗe da cututtukan da baƙi suka kawo, su suka karya ƙarfin ƙabilun yankin, shi ya sa bayan 1720 Turawa suka samu sararin hawa kogin suna rabon fili. Waɗanda suka tsira suka shige cikin fadamu inda ba mai bin su. Jikokinsu na nan har gobe a iyakar Bladen da Columbus, ana kiransu Waccamaw Siouan, jihar ta amince da su a matsayin ƙabila a 1971. In ana maganar wanda ya cancanci suna, daga nan ya kamata a fara.

Malam_Habu_Tarihi: Gaskiyarki Ummu Khalil, na karɓi gyara. Da na ce "ba su sani ba" masu zana taswira a Landan nake nufi, amma ya kamata in faɗi haka.

Baban_Zahra: Don mu gane nisan zamanin, 1734 fa Kumbari ne yake sarautar Kano. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sai bayan shekara 20 aka haife shi, a 1754, shekarar da Malam ya ce an yanke Cumberland. Amurka kanta ba a haife ta ba tukuna, sai 1776. Gundumar ta girmi ƙasar da shekara 42.

Injiniya_Kabiru: Malam Sani, tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, me ya sa ba su sauya ba. Ni a ganina bai kamata a sauya ba, kuma ba don ina ganin Bladen ya cancanta ba. Suna irin wannan shaida ce. Duk wanda ya tambaya kamar yadda ka tambaya, zai gano cewa akwai lokacin da makomar manomi a bakin kogin Cape Fear tana hannun wani mutum a wani ofis a Landan. In ka goge sunan ka goge ƙofar tambayar. Mu ma ai muna da irinsa: Fatakwal sunan Lewis Harcourt ne, sakataren ƙasashen mallaka na Birtaniya, Lugga ne ya sa wa garin a 1913. An fi shekara 100 ana kiransa haka, kuma yau in ka ce Fatakwal ba wanda yake tuna Baturen, garin da mutanensa ake tunawa.

Ummu_Khalil: Injiniya, ai maganarka ta ƙarshe ta rushe ta farko. In ba wanda yake tuna Baturen, ina shaidar take? Dattijon da Malam Sani ya tambaya shekara saba'in yana ɗauke da sunan bai buɗe wannan ƙofar ba.

Injiniya_Kabiru: Amma Malam Sani ya buɗe ta, ga mu nan muna ciki.

Ɗan_Gwammaja: Ni tambayata daban ce. Me ya kai mutane wurin tun farko? Malam Sani ya ce har yau daji ne da gonaki. Zinariya ce ko me?

Baba_Na_Wilmington: Bari in amsa wannan, don na shekara 22 a bakin wannan kogin. Ba zinariya ba ce ɗana, kwalta ce. Akwai wani dogon itace a yankin da suke kira longleaf pine, ganyensa kamar dogayen allurai, jikinsa cike da ƙaro. A zamanin jiragen ruwa na katako ba jirgin da zai yi tafiya ba tare da an liƙe tsakanin allunansa da kwalta ba, an kuma shafe igiyoyinsa da ita don kada ruwan gishiri ya cinye su. Da can daga ƙasashen arewacin Turai Ingila take sayo ta, sai ta ga hatsarin dogara da wasu, tun 1705 ta fara biyan tukuici ga duk wanda ya kawo ta daga Amurka. To ƙasar Bladen yashi ce, ba ta da albarkar noma sosai a wurare da yawa, amma wannan itacen ya rufe ta.

Yadda ake yi: a sassaƙe gindin itacen a yi masa rami kamar ƙaramin akushi, a kankare ɓawon da ke sama, ƙaron ya riƙa tsiyaya yana taruwa, a bi da ludayi ana kwashewa ana zubawa a ganga. Wannan shi ake dafawa a fitar da man da ake sirka fenti da shi. Kwaltar kuma daga busassun itatuwa take. A tara su a jere a rufe da ƙasa kamar yadda masu gawayi suke yi, a cinna wuta daga sama ta riƙa ci a hankali kwana da kwanaki, kwaltar tana gangarowa ta wani bututu zuwa ganga. Dole wani ya tsaya a kai dare da rana, in iska ta shiga da yawa komai ya ƙone. Sai a ɗaure gangunan a kan gungume a sako su bisa kogi har Brunswick da Wilmington, daga nan sai Ingila.

Wa yake wannan aikin? Akasari bayi ne 'yan Afirka. Su kaɗai cikin daji, ga zafi, ga sauro, ga macizai, kowa da adadin itatuwan da zai zagaya. Na taɓa ganin wani tsohon kututture da wannan tabon a jikinsa, an ajiye shi don masu ziyara. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gundumar baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu jikokin waɗancan ne.

Ga inda zan haɗa da mai sunan. Hukumar da Bladen yake ciki, irin wannan cinikin ne aikinta: ta tabbata kayan da jiragen Ingila suke buƙata suna fitowa daga ƙasashen mallaka. Don haka ban yarda a ce ba abin da ya haɗa shi da wurin ba. Bai zauna a can ba, amma gangunan nan suna cikin lissafin da ke kan teburinsa.

Sani_Direba: Baba Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane sunan wani ƙaramin gari da nake wucewa a hanyar, Tar Heel.

Baba_Na_Wilmington: Shi ne. Ma'anarsa mai kwalta a diddige. Laƙabin duk 'yan jihar ne ma, da can kamar gori ne ga talakawa masu wannan aikin, daga baya suka mayar da shi abin alfahari.

Auwal_Fayetteville: A Tar Heel ɗin nan ne akwai wata babbar mayankar aladu, tana cikin mafi girma a duniya, an buɗe ta a 1992. Mutanen da ke aiki a ciki sun ninka mazauna garin sau da yawa. Da na zo sabo wani ya ce in nema a can don suna ɗauka da sauri, na ce a'a, na haƙura har Allah ya kawo wani.

Ɗan_Gwammaja: Ka kyauta Auwal. Amma in mutum aikin gadi ko gyaran wuta zai yi a wurin fa, ba ya taɓa naman?

Hajiya_Rabi_Raleigh: Don Allah wannan a kai ta zauren fiƙihu, akwai malamai a can. Kar mu bar maganar Malam Sani a hanya.

Malama_Hadiza_Zariya: Ina ta jira wani ya ambaci Umar ɗan Sa'idu, tunda ba wanda ya yi bari in yi. Malam Sani, ƙasar da kake ratsawa kowane mako akwai kabarin malami ɗan Afirka ta Yamma a cikinta. Mutumin Futa Toro ne, a bakin kogin Senegal, an haife shi wajen 1770. Da hannunsa ya rubuta cewa ya yi shekara 25 yana neman ilimi. A 1807 aka kama shi a wani yaƙi aka sayar, ya yi wata ɗaya da rabi a teku, aka sauke shi a Charleston. Ku lura da shekarar: a ƙasar Hausa ana tsakiyar jihadi, Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808, kuma a 1808 ɗin ne Amurka ta haramta shigo da bayi daga waje. Yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka kawo ke nan.

Ya gudu daga hannun wanda ya saye shi saboda mugunta, ya yi ta tafiya wajen wata guda har Fayetteville. Ya shiga wani ɗaki don ya yi salla, aka gan shi, aka kama shi aka kulle kwana 16. A cikin kurkukun ya riƙa rubutu da gawayi a bango da Larabci, mutanen gari suna zuwa kallon rubutun da ba su taɓa gani ba. Daga nan James Owen na gundumar Bladen ya ɗauke shi. Ɗan'uwan James ɗin, John Owen, ya yi gwamnan jihar daga 1828 zuwa 1830. A 1831 Umar ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, 'yan shafuka ne, kuma kafin ya ce komai game da kansa sai da ya fara da Suratul Mulk. Bawa ne a hannun mutumin da doka ta ce ya mallake shi, ya buɗe takardarsa da surar da ta ce mulki a hannun Allah yake. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Rubutun yana babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka yanzu, sun saye shi a 2017, kuma sun sa hotunansa a intanet kowa zai iya gani. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane hannun, irin rubutunmu ne na Magaribi.

Sani_Direba: Inna lillahi. Malama wallahi ban sani ba. Masallacin da muke Juma'a wani lokaci a Fayetteville sunansa ke nan, ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Na yi wa dattijon can mamaki, ga shi ni ma haka nake.

Auwal_Fayetteville: Akwai ma allon tarihi da jihar ta kafa a bakin titin kusa da masallacin, Yaya Sani. In ka zo Juma'a mai zuwa zan nuna maka.

Ɗan_Gwammaja: To ai magana ta ƙare. A cire Bladen a sa Umar.

Injiniya_Kabiru: Ba ta ƙare ba. Na farko, mutanen gundumar ne za su yanke, ba mu ba, kuma yawancinsu Kiristoci ne, baƙi da farare. Na biyu, shi kansa Umar ana jayayya a kansa. An rubuta cewa ya shiga cocin Presbyterian a Fayetteville wajen 1820, yana zuwa coci tare da iyalan Owen, kuma an samo masa Baibul na Larabci wanda har yau yana ajiye a kwalejin Davidson. A cikin rubutun nasa ya yabi James Owen, ya ce abin da suka ci shi yake ci, abin da suka sa shi yake sawa.

Malama_Hadiza_Zariya: Duk abin da ka faɗa haka ne Injiniya, ban ɓoye ba, ban kai wurin ba ne. Amma ka tambayi kanka wa zai karanta takardar, kuma a hannun wa zai kwana bayan an fassara ta. Mutumin da ba shi da ikon fita daga gidan, yabonsa ga mai gidan ba a auna shi da ma'aunin yabon ɗa. Kuma duk kirkin da aka ce an yi masa, ba a 'yanta shi ba. Ya haura shekara 90, ya rasu yana bawa, wasu sun ce a 1863 wasu 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, saura kaɗan a soke bautar gaba ɗaya a 1865. Abin da ke zuciyarsa game da addini Allah ne masani, ni ba zan yanke ba. Abin da na gani da idona shi ne takardun da ya bari cike suke da ayoyin Alƙur'ani har cikin tsufansa.

Ummu_Khalil: Ni ma ban goyi bayan Ɗan Gwammaja ba, amma dalilina daban ne. Mun san Umar ne don ya iya rubutu. Dubban da Baba ya ba mu labarinsu a dajin kwalta fa? Ba su bar ko harafi ba. In aka ɗauki mutum ɗaya aka ɗora a allo, sai a ji kamar an biya bashin sauran.

Malam_Habu_Tarihi: A kan rashin rubutun nan, akwai wani abu da ya ƙara dagula lamarin. Kotun gundumar ta yi gobara fiye da sau ɗaya, ciki har da ta 1800 da ta 1893, takardun filaye da na gado da yawa suka ƙone. Ga baƙar fata mai neman asalinsa wannan babbar asara ce, domin sau da yawa a takardar rabon gado kaɗai ake samun sunan bawa, an jera shi tare da shanu da kayan ɗaki.

Sannan ina so in nuna cewa su ma mutanen yankin sun san bambancin suna na fada da suna na cancanta. A watan Agusta na 1781, lokacin yaƙin neman 'yanci, masu goyon bayan sarkin Ingila su 300 ko fiye suna riƙe da Elizabethtown. Kanar Thomas Robeson, mutumin gundumar, ya zo da mutanen da ba su kai 100 ba. Suka ƙetare kogin Cape Fear cikin dare da ƙafa, bindigogi a ka, suka far musu kafin gari ya waye, suna ta kiran sunayen rundunonin da babu su don a ɗauka suna da yawa. Shugabannin ɗaya ɓangaren biyu, Slingsby da Godden, suka samu raunin da ya kashe su, sauran suka watse, da yawa suka faɗa wani kwazazzabo a bakin kogi. Har yau ana kiran wurin Tory Hole, wato ramin masu goyon bayan sarki, an mai da shi wurin shaƙatawa. A labarin baka an ce wata mata, Sally Salter, ita ta shiga sansanin da sunan tallan ƙwai ta ƙirgo su. Da aka zo yanke sabuwar gunduma a 1787, sunan Robeson aka sa mata. Kun ga bayan 'yanci salon ya sauya, na gida ake sawa. Amma tsohon sunan ba su taɓa shi ba.

Baban_Zahra: Abin da ban gane ba ke nan. Sun yi yaƙi da Ingila, sun zubar da jini, sannan suka bar sunan jami'in Ingila a kan ƙasarsu?

Malam_Habu_Tarihi: Sun sauya wasu. Gundumar Tryon, mai sunan gwamnan da suka tsana, a 1779 suka soke ta suka raba ta biyu, Lincoln da Rutherford. Bute ma haka, ta zama Franklin da Warren. Bladen kuwa ya rasu shekara 30 kafin a ayyana 'yanci, ba wanda yake da ƙullin sa a zuci. A ganina mantuwa ce ta cece shi.

Hajiya_Rabi_Raleigh: Cumberland ce ta fi ba ni tausayi. Mutanen tsaunukan Sikotilan ne suka cika wurin, sun fara zuwa tun 1739 lokacin duk yankin yana cikin Bladen. Sai aka ɗauki sunan ɗan sarkin da ya karkashe 'yan'uwansu a yaƙin Culloden a 1746 aka sa wa ƙasar da suka zauna. Wata maƙwabciyata jikarsu ce, ta ce kakarta har ta mutu ba ta son furta sunan. A 1784 an gwada mayar da ita Fayette, abin bai ɗore ba, aka koma Cumberland.

Injiniya_Kabiru: Hajiya kin ba ni hujja. Ko inda ake da dalili mai ƙarfi na sauyawa, sauyin bai zauna ba. Takardun fili, na aure, na kotu, duk da tsohon sunan suke.

Ummu_Khalil: Malam Habu kuma ya ba ni tawa: Tryon da Bute sun tafi, kuma takardun ba su hana ba. In mutane sun so, ana yi.

Ɗan_Gwammaja: Elizabethtown ɗin fa, ita kuma wace Elizabeth ce? Sarauniya?

Baba_Na_Wilmington: A nan ma bakin mutanen garin bai haɗu ba. An kafa garin a 1773 ya zama mazaunin kotun gundumar. Wasu sun ce Sarauniya Elizabeth ta farko ce, wasu sun ce sunan budurwar Isaac Jones ne, mutumin da aka yanka garin a filinsa. Akwai wani tafki kusa da garin mai suna Jones, a 1939 aka buɗe shi a matsayin wurin shaƙatawa na farko da jihar ta ware wa baƙaƙen fata, lokacin ba a yarda su shiga na farare ba. Ruwansa ja-ja ne kamar shayi saboda ganyayen da ke jiƙe a ciki. Na kai jikokina bara.

Malama_Hadiza_Zariya: Wani ƙarin bayani kan mai sunan, don kar a ruɗe: akwai garin Bladensburg a jihar Maryland kusa da Washington, wannan ba na Martin ba ne, na ɗan ɗan'uwansa ne Thomas Bladen da ya yi gwamnan Maryland. Shi Martin kuma, ban da aikin ofis, ya fassara labarin yaƙe-yaƙen Julius Kaisar daga Latin zuwa Turanci. Mutum biyu masu alƙalami ke nan sunansu ya haɗu a ƙasa ɗaya, shi da Umar.

Sani_Direba: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Gaskiya har yanzu raina bai kwanta da sunan ba, ina tare da Ummu Khalil a nan, ko da yake maganar Baba ta gangunan kwalta ta sa na daina cewa ba abin da ya haɗa shi da wurin. Ranar Talata ina da lodi zuwa Wilmington. Zan fita da wuri in tsaya a Tory Hole, in kuma koma wurin dattijon nan in gaya masa abin da na samo. Malama Hadiza, an san daidai inda kabarin Malam Umar yake? Ina so in tsaya in yi masa addu'a.

Malama_Hadiza_Zariya: A maƙabartar iyalan Owen aka binne shi, a gonarsu da ake kira Owen Hill, cikin gundumar. Ka fara tambaya a ɗakin karatu na Elizabethtown, kuma kar ka shiga filin kowa sai da izinin mai shi.

Auwal_Fayetteville: Yaya Sani in akwai wuri a motar zan bi ka, Talata ba ni da aiki.